Jan Tabo a Kwanson Harsashi

Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi ma bawansa yake ce mini, kuma har muka yi furfura ba a sami alƙalin da ya raba wannan shari'a ba. Bindiga ɗaya gare mu, tsohuwa mai baki ɗaya, da kwanson harsashi na tagulla cike da gwangwani, duk gadon mahaifinsa. Sabon harsashi ba ya zuwa ƙauyenmu, sai dai a sake ɗura tsohon kwanso. Shi ke ɗuri, shi ke harbi, don ni ko rumbu aka ce in harba, na maƙwabci zan samu. Aikina zaɓe.

Duk kaka, in dawa ta fara nuna, gyado ya fara shiga gona, sai ya zube kwanson a faifai, in zauna a rana in riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi baƙi ba shi da laifi, tsufa ne kawai, irin na fuskata. Wanda ya yi kore a kankare a duba ƙarƙashinsa. Amma wanda ya fito da jan tabo, kamar an tofa masa goro, wannan tagullarsa ta mutu, yana iya tsagewa a cikin bindiga ya maido wa mai harbi wutarsa. Irinsu masai nake jefawa, shi kuwa yana biye da ni yana mitar bawa na ɓarnatar da dukiyar ubangijinsa. Shi ba ya iya bambance jan da baƙin, duk datti yake gani. Wani lokaci ya jiƙa su a ruwan tsamiya wai su yi ƙyalli, in bi in zubar, don ban yarda da kwanson da ya sha tsami ba.

Sai yanar ido ta rufe mini gani. Ɗana, wanda gwamnati ta tura karatun digirin ƙarshe a Kuala Lumpur, ya ce in zo a cire. Na sauka a gidansu a Setapak, can saman bene, inda ko akuya ba ka jin kukanta. Da safe ya tafi makarantarsu a Jalan Semarak, ni in sauko kedai, wato shagon mai shayinsu, in zauna da shayi. Kalma ɗaya na koya a yarensu, boleh, wato zai yiwu, kuma da ita nake amsa komai, har gaisuwa. A asibiti wata ma'aikaciya ta nuna mini manyan baƙaƙe a bango ta ce in karanta. Na ce wa ɗana ya gaya mata ko lokacin da idona ke da kyau, ni da waɗannan gaisuwar nesa muke yi. Likita ya duba ya ce jinina ya hau, ba zai taɓa idon ba sai ya sauka. Aka ce in jira. Na jira har damina ta ƙare a gida.

Wata la'asar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, a can gida kuwa hantsi ne, sai ga kiran taubashina ta waya mai hoto. Hancinsa na fara gani, ya cika gilashin. Ya ce gyado ya cinye masa kusurwar gona, kwanson da muka zaɓa bara sun ƙare, saura na ƙasan gwangwani, ya haɗa da waɗansu da ya tsinto a tsohon ɗaki kusa da turken awaki. Ya juya wayar kan faifai.

"To bawa, yi aikinka. Wanne ne mai goro?"

Na kai wayar har kan hancina. Na je bakin taga. Ban ga komai ba sai abubuwa masu duhu suna rawa kamar ana kallonsu ta cikin koko. Na ce ya daina girgiza hannu, ya ce hannunsa bai taɓa girgiza ba, tsufa ne ya kama ni a ƙasar mutane. Surukata ta leƙa ta ce ita dai duk ruwan ƙasa take gani. Ba laifinta ba ne, abin sai wanda ya saba.

"Ba na gani," na ce masa. Ban taɓa faɗa masa haka ba. "Kada ka ɗura ko ɗaya. Ka jira ni."

Ya yi dariya ya ce shi zai jira, amma in aiko wa gyado takarda shi ma ya jira. Na ce ya buga gwangwani, ya kunna wuta a bakin gona, ya ari kare. Ya ce to. Na san wannan to ɗin, ita yake ce wa matarsa. Kafin ya kashe ya ɗauki hoton faifan ya turo, wai in idona ya dawo daga yawo in duba.

Bayan 'yan kwanaki ɗana ya dawo daga makaranta da rana tsaka, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata bai cire takalmi ba. Ya ce kwanso ya fashe wa taubashina a cikin bindiga. Ya tafi da yatsun hannun dama da gefen fuska. Daga gadon asibitin garinmu aka kanga masa waya sau ɗaya, muryarsa kamar daga cikin tulu. Ya ce bawa ya gudu ya bar ubangijinsa da aikin da ba nasa ba, in na dawo sai ya sayar da ni. Na ce wa zai sayi makaho? Ya ce shi zai saya. Ciwon ya shiga jini, bai kai Juma'a ba.

Ban sami jana'iza ba. A masallacin Kampung Baru na yi masa addu'a, tsakanin mutanen da ba su san shi ba, suka ce amin da ni.

Daga baya jinin ya sauka, aka yi aikin. Ranar da aka cire bandeji na ga gashin girar ma'aikaciyar ɗaya-ɗaya, ta tambaye ni wani abu na ce boleh. A mota ɗana yana nuna mini dogayen gine-gine, ni kuwa na ce ya buɗo mini hoton nan. Ya yi kamar bai ji ba. Na maimaita.

Ga faifansa mai yagaggen baki, ga babban yatsan ƙafarsa a gefe. Yawancin kwanson baƙaƙe ne lafiyayyu, da sun kai shi wata kakar. A gefen hagu akwai guda biyu da jan tabo a gindi, ɓaro-ɓaro, ko daga ƙofar ɗaki da na hango su.

Na sa yatsa a kan gilashin zan ture su gefe, sai hoton duka ya matsa.