Kifin Yumɓun da Kawu Ya Taka

"Gunki a gidana?" Kafin in amsa, Kawu Sani ya sa ƙafa ya murƙushe kifin yumɓun da na gina.

A unguwar Nima ne, cikin shekarun tamanin, ina 'yar shekara sha ɗaya. Tun rasuwar mahaifiyata na daina magana. Ticha Amina ce take kai mu, 'yan ajinta, dajin Achimota ran Asabar, muna gina abubuwa da yumɓun bakin rafi. A can bakina ya buɗe.

"Kawu, irin wanda Mama take soyawa ne," na ce ina kuka.

Ya hana ni komawa dajin. Na sake yin shiru, wata shida cur.

Jiya ya aiko in yafe masa. Wallahi har yanzu zuciyata tana tafasa. Da ku ne, me za ku ce masa?