Albarkar da 'Yar Motar Sanusi Ta Jira

Da kakar bana Sanusi ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Irin wannan lokacin ya tafi, gero ya shiga rumbu, dawa tana jiran magirbi. Waccan shekarar ta ƙoshi ce, har kaji sai da suka raina tsaba. Bana kuwa kowa ya ji a jikinsa. Taki ya gagari talaka, man fetur ya gagari mai hali, an rage tukunya a gidajen da ba a taɓa ragewa ba. Amma cikin wannan shekara mai nauyi Allah ya nuna mini abin da na daɗe ina jira, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sanusi ɗana ne na fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta tsaya masa ko ana cin fuskarsa. Alkunya ce muka gada. Har ya koma ga Mahaliccinsa bakina bai furta sunansa ba, sai dai in ce "yaron nan". Ajin yaƙi da jahilci da na shiga da girmana shi ya ba ni hannun da yau nake rubuta abin da baki ya kasa.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Bagwai, kuma duk wanda ya san yankin ya san ba mu da daji. Gona tana jingine da gona, gida yana kallon gida. Tsakanin titi da gidajenmu burtali ne, kuma kowace shekara in an zo huɗa sai mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya cikin hanya, na hagu ma ya ƙara tasa. Ba wanda yake ganin ya ci da yawa. A haka burtalin da dā shanu ke bi garke guda ya koma sai dai amalanke, shi ma da lallami.

Muna kuma da wata al'ada. Duk wanda ya sayi abin hawa, kafin ya kai shi ko'ina sai ya kawo wa babban gida ya ɗora hannu ya sa albarka. Kalmar da dattijon ya faɗa, ita mai fenti zai rubuta a bayan motar. Da yake mahaifin Sanusi ya riga ya rasu, yayan mahaifin nasa, Baffa Ado, shi ne babbanmu.

Sanusi bakanike ne, a birni ya koyi aiki. A lokacin kowa babbar mota yake so. In kaka ta yi kyau, mai hali sai ya sayar da gyaɗa ya shigo da ƙatuwa, ko da kuwa a bakin titi zai ajiye ta ƙarƙashin darbejiya ya ƙarasa gida da ƙafa, takalmi a hannu in damina ce. Sanusi kuwa sai ga shi da wata 'yar mitsitsiya cikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga Kwatano, ruwan toka, ta biyo burtali tana shafar karan dawa hagu da dama har ƙofar zaure. Ita ce mota ta farko da ta taɓa isowa ƙofar gidanmu. Ina bayan zana ina leƙe, zuciyata fal.

Baffa ya fito, ya zagaye ta, ya leƙa ƙarƙashinta. Sai ya ce, "Sanusi, 'yar muka gani. Ina uwarta?"

Mutane suka kwashe da dariya. Sanusi ya durƙusa ya ce, "Baffa, daidai ruwa daidai tsaki. Hanyarmu na auna, da aljihuna. A sa mata albarka."

"In ta girma ka dawo da ita," in ji Baffa. Ya mai da hannunsa cikin riga ya koma zaure.

Ban ce komai ba, ba hurumina ba ne. Sanusi ma bai ƙara tayar da maganar ba. Amma bayan motar nan haka ya zauna fayau, ba rubutu. Mai fenti ya sha ce masa ya zaɓi kalma da kansa, ko "Allah ya tsare" ce, ai ba laifi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Bakin Baffa nake jira." Ya kai mata masu juna biyu awo a cikinta, ya kai tsofaffi asibiti, in ta kafe a taɓo samari su ɗaga ta kamar buhu su ajiye a tudu ana raha. Yara suna ce mata kunkuru. Yana cikin jiran nan zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Da aka zo rabon gado, Baffa ya ba da shawara a sayar wa 'yan gwangwan, tunda ba wanda zai saye ta da daraja. Ba da mugunta ya faɗa ba, haka kasuwa take a lokacin. Ni kuwa na aika aka gaya wa malamin rabo a sa ta cikin kasona. Aka yi mata rumfa a gefen rumbu. Ƙanen Sanusi, Nura, yakan tayar da ita lokaci zuwa lokaci don kada inji ya mutu, daga baya ya koyi tuƙi sosai ya fara jigila da ita ranar kasuwa. Da ita ake ciyar da marayun da Sanusi ya bari.

To, ga yau. Wa zai ce za a ga haka? Tun da mai ya yi tashin da ya yi, manyan motocin nan suka zauna. Wadda ke ƙarƙashin darbejiya kaji suka mayar da inuwarta wurin ƙwai. Nura ya ce mini a wuraren sayar da motoci na hanyar birni, dā manya ake jerawa a gaba, ƙanana a ɓoye su can baya kamar abin kunya. Yanzu an juya layi. Ƙanana ne a gaba, ba sa kwana, manya kuwa ƙura ta rufe su. Ma'aikaci ƙarama yake nema, ɗan kasuwa ƙarama, har masu rawani. Dillalai kan biyo Nura cikin kasuwa suna cewa ya faɗi abin da yake so a ba shi. Yakan ce musu, "Ta Inna ce, ku je ku tambaye ta." Ba wanda ya zo, sun san amsar.

Nakan zauna in ce, da Sanusi zai leƙo ya ga wannan, me zai ce? Na san ba zai yi wa kowa gori ba, ba halinsa ba ne. Ina jin dariya zai yi ƙasa-ƙasa, ya ɗauki sifana ya ce a kawo ya duba musu kafin dillali ya cuce su. Wataƙila kuma ya yi baƙin cikin cewa sai da wuya ta koya wa mutane abin da ido kawai ya isa ya nuna musu. Amma na tabbata abu na farko da zai fara dubawa shi ne bayan motarsa.

Cikin daminar da ta wuce Baffa ya kwanta, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Ɗansa Alhaji Tasi'u yana da ƙatuwar jif, ya sha kai ta wajen dillalai a musanya masa da ƙarama, suna ce masa ba mai tambaya. Ko da an zuba mata mai, burtali ya rufe da shuka, ba ta shiga. Dattijo ba ya iya zama a babur. Abin da ya rage shi ne a ɗora shi a amalanken shanu kamar taki, a ratsa gari da shi. Na kira Nura na ce, "Je ka ɗauko Baffanka." Ya dube ni, na dube shi, ya tafi. Har bakin ɗakin Baffa 'yar motar ta je, ta ɗauke shi zuwa asibiti. Hausawa sun ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba, ni kuwa na ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Baffa ya daɗe a asibiti, sai farkon kaka aka sallamo shi, kuma ita ce dai ta dawo da shi. Da suka iso ƙofar zaure da hantsi, ya ce kada a shigar da shi tukuna, a kira masa uwar Sanusi. Na fito na durƙusa nesa kaɗan. Ya dafa Nura ya miƙe, ya ɗora tafinsa a kan rufin motar, ya daɗe bai ɗauke ba.

Alhaji Tasi'u ya so ya sassauta abin, ya ce, "Baba, ai har yanzu ba ta girma ba."

"Rufe mana baki," in ji Baffa. "Taka da ta girma tana ina?" Sai ya juyo wajena. "Allah ya sa mata albarka. Allah ya jiƙan yaron nan, ya riga mu gani."

Na ce amin.

Me ya saura na Sanusi? Bai bar gini ba, bai bar garke ba. Ƙarfen nan ma wata rana zai gaji, na sani. Amma ya bar mana awo: mutum ya dubi hanyar gidansa kafin ya dubi idon mutane. Ya kuma bar ladabin da ya hana shi rubuta wa kansa abin da ba a ba shi ba. Har masu gonakin bakin burtali sun yi maganar kowa zai janye kunya ɗaya baɗi. Ko za su cika, Allah masani.

Washegarin ranar da Baffa ya sa albarkar, da na idar da sallar asuba, na ɗauko ragowar farin fentin da aka shafa wa ƙofa, na tauna bakin asuwaki ya yi laushi. Nura ya ce, "Inna, bari in kira mai fenti, ai aikinsa ne." Na ce a'a. Na ja kujerar tsuguno na zauna a bayan motar, na rubuta harafi bayan harafi yadda malamarmu ta koya mana: YA RIGA MU GANI. Layin ya ɗan karkace, harafin ƙarshe ya zubo da hawaye guda na fenti, ban goge ba. Da ya bushe Nura ya tayar da ita, ranar kasuwa ce. Na tsaya a ƙofar zaure ina karanta rubutuna yana tafiya cikin burtali, dawa tana shafarsa hagu da dama, har ya kai titi.