Kwano Ɗaya, Kare Biyu

Duk ɗan adaidaita sahun da ya taɓa kwanar da babur ɗinsa a filin nan na Gyadi-Gyadi ya san Baba Ƙasimu, ya kuma san ba a ja da shi a kan abu biyu, tarbiyya da karnuka. Mutumin Sumaila ne, ɗan gidan mafarauta. Da ya shigo Kano ya tura kurar ruwa, ya yi yaron mota a layin Tarauni har muryarsa ta dishe, ya yi dako, daga ƙarshe gwiwa ta ce ita kam ta gaji. Sai mai filin ya ba shi ɗaki a kusurwa, shi da matarsa Mairo, ya ce ya riƙa gadin baburan.

Tare da Duna ya kama aikin, wani baƙin kare da ya tsinta a kwata tun yana kwikwiyo. In aka tambaye shi me dattijo mai furfura, wanda ba ya rasa sahun gaba a masallaci, yake yi da kare, sai ya ɓata fuska ya ce kayan aiki ne, kamar tocila. A Kano mutum yana iya cewa yana son doki, ko tantabara, ko ma mage, amma ban da kare. Shi ya sa Baba Ƙasimu bai taɓa shafa kan Duna a gaban mutane ba. Sai dai mahautan unguwa sun san duk ƙashin da ya fi ɓargo ba miyar Mairo yake shiga ba.

Da tsufa ya kama Duna, ya zama barci ya fi haushi yawa, sai aka kawo ɗansa, wanda wata karyar maƙwabta ta haifa, kamar an tsaga kara. 'Yan adaidaita suka sa masa suna Soja. Yana ƙarami ba a ji kansu ba. Da ƙirjinsa ya buɗe sai gida ya rikice. Da safe a kacame, da yamma a kacame, yau kunne ya tsage, gobe ƙafa ta kumbura, kuma kullum tsohon ne a ƙasa.

Baba Ƙasimu bai ɗauki abin a matsayin faɗan karnuka ba. A wurinsa lalacewar zamani ce ta kai har kan dabbobi, ɗa yana cizon ubansa da rana tsaka. Ya zaunar da Soja ya yi masa nasiha mai tsawo a kan bin na gaba, Soja ya yi hamma. Ya ɗaure su da igiya ɗaya a jikin turke don su saba, suka nannaɗe juna suka kusa shaƙewa. Daga nan ya kawo maganin da ya fi amincewa da shi, wanda ubansa ya yi musu shi da 'yan uwansa: cin abinci a kwano ɗaya. Ya ce hannayen da suka haɗu a kwano ba sa ɗaga wa juna sanda. Mairo ta ce ai karnuka ba da hannu suke ci ba, ya ce ta bar maganar maza.

Ya samo tsohuwar roba babba, ya riƙa juye musu ƙanzo da romo a ciki, ya tsaya a kansu da sanda don babba ya fara sa baki. Faɗan da a da ake yi jefi-jefi sai ya samu lokaci da wuri, har 'yan adaidaita suka riƙa dawowa da wuri don kada a yi ba su.

Ranar da karnukan suka yi birgima suka kifar da kaskon awarar Mairo, mai ya tarwatse ya ɗan taɓa ta a ƙafa, ranar ta yanke hukunci. Ta ce kafin azumi ya kama, ɗaya zai bar gidan nan, in ba haka ba ita ta san hanyar tashar Sumaila. Ba a sha wahalar zaɓe ba. Masu babura suka ce Soja ne mai gadi, Duna kuwa ko ɓarawo ya taka shi sai dai ya gyara kwanciya. Wani cikinsu, Auwalu, ya ce zai saka shi a buhu ya kai shi bayan gari ya sake shi, kyauta. Baba Ƙasimu ya san abin da ke jiran tsohon kare mai ragowar haƙora a bayan gari. Amma ya rasa hujjar da dattijo zai kawo a gaban yara, sai ya ce a ba shi lokaci, sulhu ya kusa.

Washegari ya tsuguna daf da robar, sanda a hannu, ido a kan Soja. Suna sa baki aka kaure. Ya jefar da sandar ya cusa hannu don ya janye Soja daga wuyan ubansa, sai ya ji haƙori ya nutse masa a tafin hannu. Ya duba. Duna ne.

Hafsat, ma'aikaciyar jinya da ke haya a gidan da ke kallonsu, ita ta zo ta wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, ta ce dole ya je a yi masa allurar cizon kare, ba a wasa da wannan. Tana ɗaure hannun tana yi masa faɗa cikin ladabi, cewa ba a raba faɗan karnuka da hannu, ruwa ake sheƙa musu, kuma kowane kare da kwanonsa da wurin kwanansa, ba sa kallon juna in suna ci. Baba Ƙasimu ya fara cewa laifin Soja ne, sai Mairo ta tare shi.

"Malam, in ba ka nan lafiya lau suke. Kana tafiya masallaci tsohon nan yake komawa gindin bango ya kwanta, yaron ya yi harkarsa. Da tsohon ya hango ka da sanda sai ya tashi ya fara gurnani, don ya san yana da mai tsaya masa. Kai ne kake zuga shi."

Maganar ta fi cizon zafi, don gaskiya ce, kuma a gaban baƙuwa aka faɗe ta. Mairo ta ƙara da cewa yanzu kam magana ta ƙare, karen da ya ciji mai ba shi abinci ya rubuta wa kansa takardar sallama. Auwalu ya ce buhu yana nan.

Baba Ƙasimu ya je ya sha allurarsa ya dawo. Bai shiga ɗaki ba. Ya bi gefen filin yana tattara tsofaffin kwanon rufi da guntayen katako, ya fara kafa shinge da hannu ɗaya, ƙusa a baki, guduma tana kuskure fiye da yadda take samu. Ya killace 'yar kusurwar da yake shimfiɗa tabarmarsa, ya sa Duna a ciki da ƙaramin kwano nasa shi kaɗai. Sauran filin duka, da baburan da babbar robar, ya bar wa Soja. 'Yan adaidaita suka taru suna dariya, wai Baba ya gina wa tsoho gidan ritaya.

Mairo ta fito ta tsaya tana kallon shingen, hannu a ƙugu. Faɗa dai ba zai sake yiwuwa ba, wannan ta gani, amma ba ta sake shi haka nan ba.

"To Malam, ka ce kayan aiki ne. A bayan shingen nan ba babur, ba kaza, ba komai. Me zai riƙa gadi?"

Kowa ya zuba masa ido yana jiran irin hujjar da zai ƙago. Baba Ƙasimu ya dubi Mairo, ya dubi yaran, kunya ta kama shi har wuya. Sai ya miƙa hannun nan mai bandeji ya ɗora a kan Duna, a gaban kowa.

"Ba ya gadin komai," in ji shi. "Son shi nake yi."