Ranar da Baba Ya Cike Rubutun Masta

Shekarar da wani kamfanin 'yan Caina ya kafa sansani a gefen Kabo don aikin titi, ni na samu aikin tafinta. Kada ka ɗauka wani yaren Sin nake ji. Ɗan Turancina na koyarwa a firamare ne ya yi mini rana. Su yi nasu Turancin mai gargada, in juya wa leburori da Hausa, abin da ban gane ba in ƙarasa da hannu. Kullum da sassafe nake tasowa daga Gwarzo a kan babur, kuma kusan kullum ni ne na farkon isa.

A nan na san mutumin da kowa ke kira Masta. Ɗan Caina ne, shi ne mai awon titi, siriri, ya haura sittin, ba shi da yawan magana. Kafin a fara aiki sai ya fito da bokitin ruwa da wani buroshi mai tsinin baki, mariƙinsa na gora, ya duƙa a dandamalin siminti na gaban kicin yana zana haruffansu da ruwa zalla. Kafin ya kai ƙarshe rana ta shanye na farko. Leburori suka ce zafin Kano ne ya taɓa shi. Mai dafa mana abinci, wata 'yar kudancin Kaduna mai baki, ita damuwarta bokitinta ne da yake ɗauka bai tambaya ba.

Ni kuwa wata rana sai na tsaya na kalle shi da kyau. Na ga yana riƙe numfashi kafin ya sauke hannu, ba ya saki sai ya ɗaga. Na san wannan riƙe numfashin, a gabansa na girma. Babana marubuci ne. Da alƙalamin gamba da tawadar bagaruwa ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa har sau biyar, daga Gammo, daga Dugabau mutane ke zuwa zaurenmu kawo masa aikin rubutu. Ban iya haƙuri ba, na tari Masta na ce, "Babana ma irinka ne!"

Washegari na zo masa da falle ɗaya na rubutun Baba, wasu baitocin wa'azi da jan wasali. Mutumin nan da ban taɓa ganin haƙorinsa ba sai ga shi yana dariya, yana juya takardar, yana hasko ta a rana. Ya ja ni ɗakinsa. Ya nuna mini yadda suke yin tasu tawadar: wata 'yar baƙar sanda ce mai ƙarfi, a ɗiga ruwa a kan dutse a yi ta goga ta har ruwan ya yi kauri. Ya ce a nan ake fara kwantar da hankali, kuma a wurinsu almajiri ne ke goga wa malami. Ya nuna mini takardarsu, sirara har kana ganin yatsanka ta baya. Ya ce idan hannu ya sauka sau ɗaya, shi ke nan, ba a komawa.

Sai ya ba ni labarin malaminsa. Tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai yake koyo a wurin wani tsoho a garinsu. Duk shekara yana kai masa rubutu guda, wanda ya fi yarda da shi. Tsohon ya duba, ya miƙo masa, ya ce, "Sai baɗi." Idan ya gamsu, zai danna jan hatiminsa a gefen takardar, daga ranar mutum ya zama malami mai ikon koyar da wasu. Shekara talatin da wani abu ke nan Masta yana jiran wannan jan hatimin.

"Bana," in ji shi, "ina jin na samu."

Ya warware wata takarda mai tsawon kamu biyu. Haruffa huɗu ne manya, daga sama zuwa ƙasa. Ya ce magana ce a kan ruwa mai gudu. Ya ɓata takarda sama da arba'in kafin wannan ta fito. Ranar Talata wani abokin aikinsa zai tafi gida, shi zai kai wa tsohon. Ban iya karantawa ba, amma wallahi na ji kamar haruffan za su taso. Na dai lura a wasu wurare gashin buroshin ya rarrabu, farin takarda yana leƙowa ta tsakiyar baƙin kamar sawun tsintsiya a kan rairayi. Na ce a raina tawada ce ta ƙare masa, amma kunya ta hana ni faɗi.

A nan bakina ya ja mini. Na ce, "Da Baba zai ga wannan!" Masta ya naɗe ta, ya saka a wani kwaroron kwali, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce idon marubuci yake so ya gani kafin ta tafi. Ranar Juma'a ce. Na yi alkawarin dawo da ita Lahadi da safe. A hanya ko ramin titi ban yarda na faɗa ba, ina tafe ina waƙa ni kaɗai.

Baba na zaune a zaure na shimfiɗa masa ita a kan buzu. Tambayarsa ta farko, "Ba dai tsafi ba ne?" Na ce maganar ruwa ce. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana bin kowane layi da ido.

"Kai! Wannan bawan Allah yana da hannu. Dubi yadda ya shigo nan da nauyi ya fita da sauƙi. Da gashi ka ce? Ikon Allah!" Ya kira Inna ta zo ta gani. Ta leƙa ta ce ita dai ta ga kamar ƙafar kaza. Baba ya ce ta koma ciki tunda ba ta san abin kirki ba. Sai ya nuna farare-fararen nan ya girgiza kai. "Sai dai tawadarsa ta ci amanarsa. Baƙo ne, wataƙila guzurinsa ya ƙare." Na ce ni ma haka na gani. Ni da bakina na faɗa.

Asabar da safe na tafi bikin suna a Lakwaya. Ban dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga ƙofa na hango Baba yana murmushi, kurtun tawada a gefensa, alƙaluma uku da ya fiƙe sirara kamar allura.

"Zo ka ga. Tun hantsi nake kanta, sallah kawai ta tashe ni."

Ya cike su duka. Kowane ɗan farin layi, komai ƙanƙantarsa, Baba ya bi shi da bakin alƙalami ya rufe. Haruffan sun zama baƙi ƙirin, sumul, ko ɗigo ɗaya bai fita daga iyaka ba, kuma a kan takardar da ko numfashi mai ƙarfi zai iya huda ta.

Mu a wurinmu wannan karamci ne. Duk marubucin da ya gama littafi, a ƙarshe yakan roƙi wanda ya ga giɓi ko kuskure ya gyara, Allah ya ba shi lada. Ka ga rubutun ɗan'uwanka da rauni ka wuce, rashin kirki ne. Don haka ni ma murna na yi. Na ce, "Baba, ai yanzu ta fito!" Har ina ƙosawa gari ya waye.

Lahadi na isa Kabo ina washe baki. Na warware takardar a kan teburinsa da kaina, na ja gefe ina jiran godiya. Masta ya kalla. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sai na ga ya dafa kujera ya zauna. Can ya ce, a hankali, "Ina farin?"

Ya yi mini bayani ba tare da ya ɗaga murya ba, da ma ya zage ni ya fi mini sauƙi. Farin nan da gangan ne. Sai hannu ya yi gudu daidai, tawadar ta rage daidai, sannan gashin ke buɗewa haka. Shi ne gudun ruwan da ake magana. Shi ya nema a takarda arba'in, shi malaminsa ke dubawa kafin komai. Na ji haushin kaina ƙwarai, na ji haushin bakina, har na so in ji haushin Baba amma na kasa.

Ya ce in kai shi wurin wanda ya yi aikin. Na goya shi a babur har Gwarzo. A zaure Baba ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo fura. Ni aka bari da fassara, kuma ban taɓa yin tafinta mai ɗaci irin wannan ba. Ina faɗa fuskar Baba tana sauka.

"Innalillahi. Wato ɓarna na yi?"

Na ce, "E, Baba."

Ya jawo reza ya ce bari ya kankare, haka yake yi wa tasa takardar. Masta ya riƙe masa hannu, ya girgiza kai. Takardar ba za ta ɗauka ba. Baba ya ce in gaya masa ya yafe masa don Allah, bai sani ba. Masta ya sunkuyar da kai har sau uku, ya sha furar, muka tafi.

Ranar nan da Litinin Masta ya yi ta gwada rubuta wata. Takarda goma sha ɗaya na ƙirga a ƙasa, ba wadda ta yi. Talata sai ya naɗe wadda Baba ya cike, ya haɗa da wasiƙar bayani, ya bayar aka tafi da ita. Baba kuwa kurtunsa ma bai ƙara buɗewa ba. Inna ta ce tuwo sai ta yi da gaske yake taɓawa.

Bayan mako uku, da rana tsaka muna bakin aiki, na ga Masta ya taho da gudu-gudu, waya a hannu, hular kwanonsa ta karkace. Jikar malamin ce ta aiko da saƙon tsohon. Ko tashi ba a yi ba muka hau babur. A zaure ya karanta, ina juyawa.

Tsohon ya ce rubutun ya lalace, babu hatimi. Amma ya ce ya ɗauki madubin ƙara girma ya bi cikon layi-layi, kwana biyu, yana neman inda hannun ya zame, bai samu ba. Ya ce wanda ya yi wannan bai yi gaggawa ko sau ɗaya ba, abin da Masta ya rasa ke nan tun yana saurayi. Ya ce Masta ya je ya zauna kusa da mutumin ya kalli hannunsa. Sannan ya rufe da maganarsa ta kullum: sai baɗi.

Ni tsalle na yi, na ce, "Baba, ka ji! Daga Sin ake yabonka!" Masta ma dariya yake, idonsa ya yi ja. Ya ce in tambaya ko zai iya zuwa ran Lahadi-Lahadi.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Tambaye shi, malamin nan nasa shekararsa nawa?"

Na tambaya. Tamanin da takwas.

Baba ya kalli Masta. Sannan ya ce, "To babu zancen Lahadi-Lahadi. Ka ce masa ya riƙa zuwa kullum bayan la'asar, ya taho da dutsen nan nasa. Ni na cinye masa shekara guda, ni zan riƙa goga masa tawadar."