Jalo Direba, Masanin 'Yan Tayi

Jalo direba ne a gidan Alhaji Saleh mai hatsi a Azare. Mutumin Dambam ne, kuma har ya fara furfura ba a san shi da ilimin komai ba sai na Fijo da hanyar Kano. A shekarar 2006 ne ya zama masani.

A shekarar ya kai Alhaji da matarsa Hajiya Ruƙayyatu wani asibiti a Abuja, bayan sun daɗe ba haihuwa. Can ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje, in ya zama ɗan tayi a dasa mata a mahaifa. Jalo bai wuce wurin ajiye motoci ba. Amma a hanyar dawowa ya ji Alhaji yana cewa an samu 'yan tayi biyu, likita ya dasa mai daraja ta ɗaya, ya adana ɗayan a ƙanƙara, ya ce sauran sai Allah. Ya kuma hangi hoton 'yan tayin a hannun Alhaji ta madubin mota, wasu 'yan ƙulalai kamar kumfar sabulu.

Washegari Jalo ya zauna a majalisar 'yan acaɓa, ya kwashe labarin duka ya faɗa musu.

"Namiji ne," in ji shi. "Na ga kansa. Gwamna ne wannan."

Bappayo mai acaɓa ya ce, "Na ƙanƙarar fa?"

"Wannan ai ya faɗi jarrabawa. Ku manta da shi."

Kafin wata ya ƙare, magidanta sun fara kawo masa hoton cikin matansu. Sai ya riƙe shi a juye, ya yi gyaran murya, ya yanke hukunci.

Cikin Hajiya bai zauna ba. Ta shige ɗaki ta daina karɓar baƙi, ga gari duk ya san zancen. Jalo ya tausaya mata ƙwarai, amma a majalisa ya ce ramukan hanya ne suka girgiza gwamna. Ba wanda ya tambaye shi wa ke tuƙi.

Da shekara ta zagayo aka dasa na ƙanƙarar, ya zauna daram, Hajiya ta haifi Dijatu. Ranar suna Jalo yana rabon goro yana cewa, "Ni dama na faɗa, wanda ya sha sanyi ya fi ƙwari."

A wurin ne Alhaji ya gane bakin da ya yayata sirrinsa. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi makullin Fijo, ya miƙa masa na babbar motar gero.

Jalo ya shaida wa kowa cewa ƙarin girma aka yi masa.