Abin da Ya Tsira Daga Wayar Baffa

Shekarun baya, ina shekarar farko a kwaleji a nan Potiskum, Allah Ya yi wa mahaifina rasuwa. Baffa muke ce masa. A daji ya tashi da kiwo ta wajen Gadaka, sai da girma ya kama shi ya dawo gari yana harka a kara, kasuwar shanu.

Yana da wata ƙaramar waya mai madannai. A shekararsa ta ƙarshe ya ɗauki wata ɗabi'a: bayan la'asar ya zauna a zaure, ya naɗi muryarsa yana lissafo shanun gidanmu, wannan saniya 'yar wacece, uwarta wa ya ba kakanmu ita, da kirarin kowace. Cewa yake mu 'ya'yan gari ba za mu riƙe ba. Naɗi goma sha ɗaya ya bari.

Da mahaifiyata, Inna, ta fita takaba, ta kira ni ta kwance wayar daga bakin zane. Ta ce tana so ta riƙa jin muryarsa, amma wayar ta taɓa faɗawa kwamin shayar da shanu, tun daga nan sai ta ga dama take kamawa. Ba kati a ciki, ramin cajin kuma ya mutu, sai an ciro batir an caja daban. Hanya ɗaya ta rage: a tura naɗin ta bulutut zuwa tsohuwar kwamfutata, in ya so in zuba mata a tata wayar.

"Kai ne mai karatun," in ji ta. "Kada ka kai wa masu gyara su goge mini shi."

Na kunna bulutut ɗin wayar, na buɗe kwamfuta. Babu alamar bulutut a cikinta. Na shiga saituna, na fita. Na sauko da manhajarsa, na sake sawa, na kashe na kunna. Har littafi na ɗauko ina rubuta duk abin da na gwada, da lamba. Tun hantsi har azahar. Duk tsawon lokacin nan wayar tana gefena a kunne, tana ta neman abin da za ta haɗu da shi. Abokina yana layin bayanmu, a kan irin waɗannan abubuwa ya ƙware, amma kunya ta hana ni kiransa. Yaya za a ce mai zuwa na ɗaya a aji ya kasa?

Shi ya zo da kansa aron littafi. Ya duba takarduna ya yi dariya, ya ce Malam Boko, jarrabawa kake rubutawa? Ya juya kwamfutar, ya nuna mini wani ɗan makunnin bulutut a gefenta, bai kai ƙwayar wake ba. Ya tura shi da farce. Shuɗiyar wuta ta kama.

Sunan wayar ya fito. Muka sa lambobin haɗi iri ɗaya, suka haɗu. Abokina ya ce in fara da mafi tsawo, saboda wayar ta riga ta yi zafi, tana iya ɗaukewa. Na ƙi. Na ce bi da bi za mu yi, daga na farko, kada su cakuɗe.

Na farkon ya shiga. Na biyu yana rabi fuskar wayar ta yi fari, ta ɗauke. Mun sake batir, daga baya har masu gyaran muka kai wa. Ba ta ƙara farfaɗowa ba.

Na kai wa Inna abin da ya tsira, ban iya ɗaga kai ba. Ashe gwaji ne kawai, bai cika minti ɗaya ba. Ba sunan saniya ko ɗaya. Ana jin kukan kaji, Baffa ya yi gyaran murya.

"Ya fara ɗauka? Oho. Ke, kira mini ɗan bokon nan naki. Shi ba ya gaggawa, abin da ya taɓa ba ya lalacewa."

Sai muryar Inna daga nesa tana cewa yana karatu, sai Baffa ya ce, "To, bar shi."

Inna ta saurara sau uku. Ba ta tambaye ni sauran goman ba, har yau. Abin da ta ce kawai shi ne, haka yake gyaran murya.

Yanzu in abu ya gagare ni, nakan tambaya kafin in buɗe littafi, ko da za a yi mini dariya. Asalin shanunmu kuwa ya tafi tare da shi. Naɗin yana wurare huɗu a ajiye, amma ni ban cika kunna shi ba. Na kasa sabawa da jin ana yabona da abin da ya jawo asarar.