Fom Ɗin da Ya Raba Mu da Baba

Lokacin da wannan abu ya faru ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, kuma ni ne sakataren kwamitin filin wasa na unguwarmu a Gumbihini. Gaskiya kaina yana rawa a lokacin. Duk abin da bai shiga kwamfuta ba, a wurina bai faru ba. Filin namu ba babba ba ne, amma shi ne komai na unguwa. Yara suna ƙwallo da yamma, mata suna motsa jiki da safe, kuma a nan ake kafa rumfunan biki da na addu'ar mamaci. Mai kula da shi tun ina ƙarami wani tsohon tela ne da kowa ke kira Baba. Ba wanda ya naɗa shi. Mai son fili yakan tare shi a ƙofar masallaci ya faɗa masa, shi kuma in buƙatu sun haɗu ya san wanda zai rarrasa ya matsa.

Da aka gyara filin aka kewaye shi, sai kwamiti ya ce a ɗauki shugaba tsayayye. Ni na kawo shawarar a yi komai ta intanet, mai so ya cike fom a waya, kwamfuta ta jera su bisa maki, don kada a ce an yi son kai. Wata hajiya 'yar kwamiti ta ja ni gefe ta tuna mini cewa a wurinmu babba ba ya neman muƙami da bakinsa, gidansa ake zuwa da goro a roƙe shi. Na san haka sarai. Amma na ce mata doka ɗaya ce ga kowa, in Baba yana so ya nemi mai cike masa. Har da 'yar dariyata.

Baba bai cike ba. Muka ɗauki wani malamin makaranta ɗan kudu, mutumin kirki mai son aiki, ya tsara cewa mai son fili ya kama rana ta waya. Baba ya kawo mini makullin ƙofa da hannu biyu, ya yi mana fatan alheri, bai ƙara taka wurin ba.

Ba a jima ba wata tsohuwa ta rasu a unguwa. Ranar addu'ar bakwai 'ya'yanta suka kafa rumfa a filin kamar yadda aka saba, don ba su taɓa jin an nemi wurin addu'a a waya ba. Malamai sun zauna ke nan sai ga 'yan ƙwallo daga unguwar Dungu cike da yalo-yalo, wato babur mai ƙafa uku, suna nuna saƙon da ya ce ranar tasu ce. Babu kuma wanda ɓangarorin biyu za su ji kunyarsa. Masu makoki suka kwashe kujerunsu suka koma bakin titi. Ina tsaye ina kallon dattawa suna ɗaga hannu suna addu'a, babura suna wucewa ta gabansu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bayan kwana biyu na je gidan Baba na durƙusa na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya dawo. Ya ce mini babu komai, amma shi ya gama. Ya ce da ma ko mun zo tun farko ba zai karɓa ba, gwiwoyinsa sun gaji. Cewa zai yi mu ɗauki malamin, shi kuma ya riƙe hannunsa ya zaga da shi gida gida, ya nuna wa mutane sabon mai filinsu.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka ke nan, musamman matasa irina da ake ba amanar ɗaukar shugaba. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, mutumin kirki ta zaɓa. Ni ne na hana shi wanda zai gabatar da shi ga jama'a. Kafin ku buɗe fom, ku fara zuwa wurin wanda ya riƙe abin shekara da shekaru ba tare da takarda ba. Gidan Baba da namu ko tafiyar minti biyar ba ta kai ba, kuma ban je ba sai da na gama ɓata komai.